Soyayyar Bakin Tur'a da Ba a Yi Ba

Anti Sodangi, don Allah ki taimake ni. Kunya na nema ta kashe ni a tsaye, kuma babu wanda zan iya kallon idonsa in faɗa wa wannan magana, shi ya sa na rubuto miki, ke da ba ki san fuskata ba.

Ni matar aure ce a wani ƙauyen Hausawa kusa da Managil, a ƙasar Sudan. Tun ina makaranta nake son littattafan soyayya, na Larabci da na Hausa da ake turo mana ta waya. Da su ma na koyi karanta Hausa, don a aji Larabci kawai aka koya mana. In na kama littafi, kisra, wainarmu ta dawa, kan ƙone a gabana ban sani ba.

Ina amarya, kafin yaƙi ya iso yankinmu, wata ɗalibar jami'a da zan kira Raihana ta zo tana binciken digiri na biyu a kan al'adun aurenmu. Ta zauna da tsofaffi, ta ɗauki waƙoƙin biki a bakin kakata. Da ta zo kaina, ta kunna wayarta ta tambayi yadda muka haɗu da mijina. Anti, gaskiyar ba ta cika cokali ba. Falalu, haka zan kira shi, ya zo gidanmu da kawunsa, suka zauna a rakuba, wato rumfar gidanmu, suna shan jabana, gahawar nan tamu, kawun da Baba suna ta zancen ruwan gona da ya makara. Ina leƙe ta ramin zana. Falalu bai ɗaga ido daga takalminsa ba, wani takalmi da aka ɗaure maɗaurinsa da waya, sai ƙoƙari yake ya tura shi ƙarƙashin tabarma kada a gani. Aka tambaye ni, na ce na yarda. Shi ke nan.

Da na dubi Raihana da gilashinta da jakarta, sai na ji ba zan iya ba ta wannan busasshen labari ba. Bakina ya buɗe da kansa. Na ce na je ɗiban ruwa bakin tur'a, babbar magudanar ban-ruwan gonakinmu, iska ta fizge mayafina ta jefa ruwa, wani saurayi ya faɗa ya ɗauko mini. Na ce daga nan muka riƙa haɗuwa a ɓoye cikin dawa in an aike ni kai abinci gona, yana rera mini baitoci, har na rantse in ba shi ba sai rijiya. Idon Raihana na ƙyalli, ni kuma ina ƙara gishiri. Wallahi ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba.

Ta ce za ta sakaya sunana, ni da kaina na zaɓi Sawsan. Ta kuma yi wata magana kan cewa za a sa aikin a rumbun jami'a, ban saurara ba. Na ɗauka wani ɗaki ne da ake jibge takardu, gara ta cinye. Ashe rumbu ne na intanet da jami'ar ke zuba binciken ɗalibanta, kowa a duniya ya sauke kyauta.

Kwanan nan ƙanwar mijina Hasina, wadda ta shiga jami'a, ta rubuta sunan ƙauyenmu a intanet, sai ga kundin binciken Raihana. Murna ta sa ta tura shi zauren dangi na waya tun ba ta karanta ba. Sunan dai Sawsan ne, amma an rubuta cewa 'yar ladan ce, matar mai gyaran injin ban-ruwa. Ladan ɗaya muke da shi, mai gyaran inji ma ɗaya. Har an yi sharhi a ƙasa cewa labarina shaida ne 'yan matan yanzu sun fara zaɓa wa kansu miji a bayan idon iyaye.

Inna ta zo har ɗakina tana kuka, tana tambaya ko abin da nake yi ke nan duk lokacin da ta ɗora mini kwano a ka. Baba kuwa ya daina biyowa ta gidana bayan La'asar. Mutumin da ya tsufa yana kiran salla, yanzu ana kallonsa ana sunkuyar da kai.

Falalu ne ya fi ci mini rai. Shi ya san ƙarya ce, bai taɓa shiga tur'a don mayafin kowa ba. Bai yi faɗa ba. Abokansa na tsokanarsa da mai baitoci, yana murmushi. Abu ɗaya ya faɗa mini, yana wanke baƙin mai a hannunsa: wai ya karanta, kuma wancan mutumin na cikin kundin ya fi shi, da ya san haka nake so da bai tare mini hanya ba. Tun ranar yake gaishe ni kamar baƙuwa.

In na ce ƙarya na yi, na zama maƙaryaciya a gari, kuma na ɓata aikin Raihana. Na ji an ce takardunta duk sun salwanta a yaƙin, abin da ke rumbun kaɗai ya rage mata, da shi take neman aikin koyarwa. Waƙoƙin kakata ma, Allah ya ji ƙanta, can kaɗai suka saura. In na yi shiru, na bar Baba cikin kunya da miji da ciwo a zuciya. Ya zan yi, Anti?

Taki, Mai Mafarki da Rana

*

'Yata, share hawayenki ki zauna mu yi magana. Kin yi ƙarya, ba zan shafa miki mai a baki ba. Ɗalibar da ta zo bincike amana ta kawo, abin da aka faɗa mata shi take ɗauka gaskiya ta gina hukunci a kai. Amma ba ke kaɗai ke da laifi ba. Raihana ta yi alkawarin sakaya ki, sannan ta rubuta sana'ar mahaifinki da ta mijinki a ƙauye mai ladan ɗaya. Wannan ba sakayawa ba ne, rufe kai ne a bar ƙafa a waje. Ya kamata kuma ta tabbatar kin fahimci cewa duniya za ta karanta. Hasina kuwa ki cire ta daga ranki, murna ce ta ja ta.

Kada ki tsani rumbun. Shi ya tsare wahalar Raihana lokacin da takarda ta kasa, shi ya riƙe muryar kakarki. Don haka kada ki nemi a goge kundin gaba ɗaya. Ki kira Raihana ki gaya mata gaskiya ba kwana-kwana, ki roƙe ta ta je wa malamin da ya duba aikinta da masu kula da rumbun. Galibin irin waɗannan rumbuna suna da hanyar rufe aiki na ɗan lokaci a sa gyararre a madadinsa. A cire labarinki da sharhin da aka ɗora masa, a share duk abin da ke nuna ke ce. Za ta ji zafi, wataƙila ta yi fushi. Ki daure. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ya fi mata ta gyara da hannunta da a ce wani ya tono watarana tana gaban ɗalibai. Ki sani dai, wanda ya riga ya sauke ya sauke, wannan ba ya dawowa.

Shi ya sa gyaran gida ba a intanet yake ba. Ki je wurin Inna da Baba ki durƙusa ki faɗi yadda aka yi. Su yi miki faɗa, ki sha. A ce 'yar ladan ta cika surutun littafi ya fi sauƙi a kan abin da ake cewa yanzu, kuma gari zai yi dariya ya wuce. In kina son ƙirƙira, ga alama Allah ya ba ki baki, ki rubuta ki sa masa suna labari, kowa ya san abin da ya ɗauka.

Amma kafin Raihana, kafin iyayenki, ki fara da Falalu. Shi ba sunansa ne ya dame shi ba, gani yake bai ishe ki ba. Na karanta wasiƙarki da kyau. Saurayin tur'a ba ki faɗi ko kamanninsa ba, amma takalmin Falalu kin tuna har wayar da aka ɗaure shi da ita. Yarinyar da ba ta so, ba ta maƙalewa a jikin zana tana kallon ƙafar mutum. Shi bai san kina leƙe ba, bai san kin ga takalmin kuma kin ce kin yarda ba. Ki dafa masa jabana, ki zauna kusa da shi, ki ba shi wannan labarin. Kada ki ƙara ko ƙwayar gishiri.

Allah ya rufa asiri, ya sanyaya zuciyar iyayenki, ya dawo miki da fara'ar mijinki.

Anti Sodangi