Baba Ya Kama Mana Wuri a Filin Jirgi

Zuwa ga Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa mai kewa, da fatan kina lafiya ke da 'yan ɗakinku, kuma jarrabawar tana zuwa da sauƙi. Yaya ciwon kan nan da kike yi in kin daɗe a kan littafi? Allah ya sa ya sake ki. Ni da Baba lafiyarmu ƙalau.

Tunda an karɓe muku waya sai kun gama, na ce bari in rubuto, kin dai san bakina ya fi buɗewa a takarda. A kan gwiwata nake rubutun nan, a filin da muka sauka za mu canja jirgi. Yaya, na hau jirgi! Gajimare a ƙarƙashina kamar an zazzage matashin kai. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, kunnena ne kawai ya toshe.

Na san har yanzu kina ganin da ke kika rako Baba da hankalin Mama ya fi kwanciya. Na ji abin da kika ce mata a kicin, wai yarinyar da ba ta iya ce wa mai shago ya ba ta canjinta ita ce za ta kai mutum asibiti a wani gari? Ban ji haushi ba. Amma ki sani takardun asibiti da katin shiga jirgi suna cikin 'yar jakar da na rataya, ko banɗaki da ita nake shiga. Gobe da safe in sha Allah likita zai cire wa Baba yanar idon nan da ta raba shi da sitiyari. Kin fi ni sanin watannin da muka yi muna jiran ranar, kuma an ce likitan in ya gama wannan zagayen sai baɗi.

Baba kuwa ya mai da jirgin bas ɗinsa. Tun da muka tashi yake kasa kunne ga ƙarar injin, da muka sauka ya ce direban ba laifi, sai dai yana taka birki kamar sabon shiga. Ni ya naɗa ni kwandasta. Abincin da aka kawo ya shinshina ya mayar, wai ko ɗan tsako ba zai ƙoshi da shi ba.

Littattafanki uku suna cikin jakar hannun Baba, na kusa gama na biyu. Akwai wani mai tabarau a kujerar da ke fuskantata, yana karatu, yana ɗan ɗagowa. Ban kalle shi ba. To, na kalla kaɗan.

Bari in je in yi alwala, ga Baba can yana hira da wani mai kaki kamar tare suka tashi. Ki gaishe min da ƙawarki mai dariya da hanci.

Ƙanwarki,
Shiru-shiru

* * *

Yayata,

Sallama da gaisuwa karo na biyu a yini guda. Ina fatan lafiyar da na bar ki da ita ɗazu tana nan. Ba zan gaya miki inda nake zaune ba tukuna, kuma don Allah kada ki leƙa ƙarshe yadda kike yi wa littafi.

Da na fito daga wurin alwala na tarar Baba ya gama yanke hukunci: za mu fita waje mu ci abinci. Kin san dokarsa tun muna yara, direba ba ya cin abincin tasha, sai ya ɗan taka zuwa inda direbobin gari suke ci. Ya ce filin jirgi ma ai tasha ce, fenti kawai aka yi mata. Ga shi likita ya ce daga yammacin yau kada ya sa komai a baki sai an gama aiki, shi kuwa ba zai shiga hannun mai wuƙa da biskit a ciki ba.

Na duba allon da ake rubuta lokutan tashi. Abin da ya rage mana bai fi tsakanin azahar da la'asar ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na fasa kamar yadda na saba. Kuma gaskiya akwai son raina a ciki. Da ya ce gidan abinci, abin da na hango tebur ne mai farin mayafi da kyandir, da wani yana ja min kujera. Sai kawai na ba shi kafaɗata ya dafa, muka fita.

Mai tasin da ya ɗauke mu, kafin mu bar harabar filin Baba ya riga ya san shekarun motarsa da abin da ke damun giyarta. Sai da muka yi nisa na lura hannun Baba wayam. Na tambaye shi jaka. Yaya, da alfahari ya ba ni amsa! Wai ya bar ta a kan kujerar da ke bakin ƙofar shiga jirgi, ya ɗora hularsa a kai, ya kama mana wuri. Ya kuma gaya wa mai kakin nan cewa fasinja biyu sun je cin abinci, a sanar da direba. Mutumin ko ya fahimta ko bai fahimta ba, ya dai gyaɗa kai. Baba ya ce shi duk shekarun da ya yi a hanya bai taɓa tashi ya bar fasinjan da kayansa ke kan kujera ba, ko da kuwa sauran za su cinye shi da surutu. In mai bas ya san wannan, ina ga mai jirgi da ya yi karatu?

Na ce a raina mu ci da sauri mu koma.

Gidan abincin babu kyandir. Benci ne da tebura masu leda, fanka tana juyi tana kuka, ga famfon wanke hannu a bakin ƙofa da sabulu ɗaure da zare. Maza ne cike, kowa da makullin mota a gefen farantinsa. Matar da ke zubawa ta dube ni ta ƙara min nama ba tare da na ce komai ba. Aka kawo shinkafa da gasasshen kifi, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba. Baba ya ci yana lumshe ido, ni ina cire masa ƙaya. Rabon da in ga ya ci abinci haka tun kafin ya ajiye mota. Na ɗan manta da komai ina kallonsa.

Da na ɗago, mai tasinmu ba ya nan. Ya yi wa Baba alkawarin jira, alkawarin direba da direba, sai ya samu fasinjan nesa ya sulale. Na leƙa titi, hanyar da ta nufi filin jirgi ta cushe, mota bayan mota, ko keke ba zai ratsa ba. Baba ko a jikinsa, har ya ce a kawo shayi. Na ce masa jirgi ba ya jira, ya ce kwandasta ba ya koya wa direba hanya.

A littattafanmu a daidai nan ne wani dogo mai ƙamshin turare yake tasowa ya ce ga motarsa a waje. Wallahi sai da na waiga na neme shi. Babu kowa sai masu tumbi suna sakace haƙori.

To, Yaya, zauna da kyau. Na miƙe tsaye a tsakiyar gidan abincin nan, na ɗauki cokali na buga a faranti. Kowa ya juyo. Muryar da ta fito ban san ina da ita ba. Na yi musu sallama, na ce wannan mahaifina ne, direba ne kamar su, idonsa ya rufe, gobe za a buɗe masa in mun samu jirgin da ke shirin tashi yanzu, in kuwa muka rasa shi sai baɗi. Na ce wa zai kai mu? Na maimaita da Turanci don wanda bai ji ba, har da kuskure biyu da na ji da kunnena, ban kuma tsaya gyarawa ba.

Sai ga su sun kaure da musu a kan wace hanya ta fi, kowa yana zana taswira da yatsa a kan tebur. Wani dattijo mai gajeren wuya ya ture farantinsa, ya ce shi burodi yake kai wa shagunan filin, akwai hanyar baya da motocin kaya suke bi, mu taso. Matar nan ta tura ni waje tana cewa in yi sauri, 'yar albarka.

Haka muka tafi, ni a matse jikin ƙofa, ƙamshin burodi ya cika motar, muna ta faɗawa ramuka. Tun da na buga cokalin nan sau ɗaya kawai Baba ya yi magana, ya ce wa dattijon ya rage giya kafin kwana.

A wurin bincike layi ne har ya naɗe. Na riƙe hannun Baba, na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri ina nuna katinmu. Wata ta harare ni, wani ya yi tsaki, yawanci suka matsa. Ashe in ka roƙi mutum kana kallon idonsa abin ba wuya. Muna cire takalma na ji ana kiran sunanmu a lasifika, an karya shi gida uku, amma namu ne. Baba ya ce ato, ba ya faɗa ba, ga shi ana neman fasinja. Na ce masa wannan kiran na ƙarshe ne, ba irin nasa ba ne da ake yi ana ƙarawa. Na tsayar da 'yar motar nan da ke ɗaukar tsofaffi a cikin filin, ya ce shi ba tsoho ba ne, na ce ya hau. Yaya, ni na ce wa Baba ya hau, kuma ya hau!

Da muka isa ƙofa babu kowa a kujerun, har mai tabarau. Babu jaka, babu hula. Ma'aikaciyar tana shirin ja ƙofa. Ta ce jami'an tsaro sun ɗauke jakar tun ɗazu, har sai da aka tashi mutane daga wurin, domin a filin jirgi kayan da ba mai shi abin tsoro ne. In muna so sai mu je ofishinsu a can ɗaya ɓangaren mu amsa tambayoyi, amma ita ba za ta riƙe ƙofa ba. Baba ya fara cewa hularsa, kuma littattafan yarinya. Na tuna saura babi biyu a littafin da nake karantawa in san ko yarinyar ciki za ta yafe wa saurayinta. Na miƙa mata katinmu na ce mu jirgi muka zaɓa.

Yanzu sai in gaya miki: a cikin jirgin nake, kusa da taga, rubutun yana karkacewa saboda girgiza. Littattafanki sun tafi, kuma ko yanzu aka sake ba ni zaɓi haka zan yi. Baba yana gefena kansa ba hula. Ɗazu ya laluba ya kama hannuna, ya ce ashe wannan tashar dokarta daban, ya kuma ce kada in gaya wa Mama. Ban ce masa ba zan gaya miki ba.

Ki ci gaba da yi mana addu'ar gobe.

Taki har kullum,
Shiru-shiru

* * *

Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da Baba da Goggo, wadda ta sauke mu a gidanta tana ta ɗura mana abinci kamar za a yanka mu. Yaya ƙarshen jarrabawa? Allah ya ba da sa'a, ya sa ki fito da sakamakon da zai sa Mama guɗa.

An yi aiki. Mun isa asibiti tun kafin a buɗe ɗakin likita, ni na yi magana da mai karɓar kati, ni na amsa tambayoyin nas, har ta tambaye ni ko aikin jinya nake karanta. Na ce a'a, yayata ce. Da aka shiga da shi na zauna a benci ba littafi a hannuna, sai na ga ashe mutanen da ke zaune a wurin ma kowa da labarinsa. Wata tsohuwa ta ba ni nata tun daga aurenta na fari.

Jiya aka cire bandejin. Likita ya ce ya buɗe a hankali. Ni na gyara tsayuwa a gabansa, na ɗauka ni zai fara gani ya faɗi wata magana mai sa kuka. Ya dube ni, ya ƙifta, ya ce yaushe na yi tsawo haka, kuma ɗankunnen wa na saka? Naki ne, na ce masa aro ne.

Daga nan ya taka zuwa taga da kansa, bai nemi kafaɗata ba. Akwai wata bas a tsaye can ƙasa a bakin ƙofar asibiti. Ya tsura mata ido, sai na ji yana karanta lambarta, harafi bayan harafi, lamba bayan lamba, har ƙarshe. Likita ya leƙa ya ce daidai ne. Baba bai juyo ba, na ga kafaɗunsa suna motsi, sai na ja Goggo muka ba shi wuri.

Likita ya ce in ya kiyaye ɗiga magani, ya kuma guji ƙura da rana na ɗan lokaci, babu abin da zai hana shi komawa hanya. Maganin a hannuna yake, kuma ba na saurara masa ko ya ce yana barci.

Ki gaya wa Mama ta buɗe akwatinsa na ƙarfe, ta fito da lasisinsa daga ƙarƙashin kaya. Ya ce a duba masa ko ya ƙare, yana so a sabunta kafin mu iso.

Ki gaishe da kowa da kowa, ki kuma huta sosai.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Shiru-shiru