Hoton Gambon Hamdara

Damagaram, 6 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Zahra'u, uwata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Rashid da jikata, amaryata Aliya. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya hana kowa sakat. Innarki na gaishe ki, ita ta ɗaure kilishin da ke cikin kwalin.

Na san za ki ce me ya hana in kira ki a waya. A waya ba ki barina in kai ƙarshen magana, shi ya sa na buga miki takarda na ba direban motar Yamai.

Maganar ordinatar ce, wadda 'yan Kano ke ce wa kwamfuta. Na ji kin ce za ki saya mini sabuwa, irin ta bironku, wato ofis ɗin da kike aiki, wadda komai nata ke cikin gilashin, babu akwati a ƙarƙashin tebur. Allah ya yi miki albarka. Amma ki dakata tukuna. Wannan tsohuwar shekara goma sha uku muke tare a shago, kuma duk hoton katin ɗan ƙasa da na ɗauka a Zengo da Gaffati da kasuwar Lahadi ta Mirriya yana cikinta. Kin san mutanen ƙauye, da yawansu wannan hoton kaɗai suka taɓa ɗauka a duniya. In mutum ya rasu, wurina iyalinsa ke zuwa in faɗaɗa musu shi su rataye a ɗaki. Babu suna a kan ko ɗaya, sai lamba da kwanan wata. Ban taɓa buƙatar suna ba, don ni Yakuba ban manta fuska.

Laifinta ɗaya, gilashin ya dushe. Kai, abin haushi! Shekaranjiya wata baiwar Allah, Delu, ta zo daga Hamdara, ba ta daɗe da fita takaba ba. Hoton mijinta Gambo mai gyaɗa take nema, wanda na ɗauka a Mirriya shekara takwas da suka wuce. Aikin da a da nake gamawa kafin shayi ya huce, sai da na kai la'asar ina leƙe kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na dai samo shi na wanke mata. Ta daɗe tana kallonsa, ta yi godiya, ta naɗe shi cikin mayafi ta tafi.

In gilashin ya ci gaba a haka, ban san yadda zan yi da mutanen nan ba. Zan je in ga sabuwar da idona kafin in ce miki wani abu.

Ki gaida mutanen gidan duka.

Mahaifinki,
Yakuba Mai Hoto


Damagaram, 27 ga Mayu

Uwata,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku da ta aiki. Na ji Aliya ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ce mata angonta na nan yana jira.

Kin yi mini tsiya a waya wai me ya sa baƙaƙen takardata suka yi girma kamar na allon lakwal, makarantar boko. To ni na ƙara musu girma, ina ruwanki?

Na je wani shago kusa da Kasuwar Dole na ga irin ordinatar da kike faɗa. Kyau kam akwai. Fara ce, siririya kamar faranti, babu tarin wayoyin nan da innarki ke tuntuɓe da su in ta zo shara. Mai shagon ya ce zai kwashe mini hotunan duka ya zuba cikinta a yini ɗaya, ko ɗaya ba zai ɓata ba. Ya kunna ta yana ta zuba yabo, wai haskenta har kashe ido yake yi.

Zahra'u, ban ga hasken ba. Na ce ya ƙara, ya ce ai ya kai ƙarshe. Na yi masa faɗa sosai, na ce kayan jabu yake sayarwa, na kama hanyata. A bakin ƙofa na yi karo da wani babur da aka jingine ta hagu, wanda na rantse ba ya nan lokacin da na shiga. Ƙaurina ya ɗan kumbura, ba wani abu ba ne.

Kada ki gaya wa innarki. Kuma kada ki fara mini maganar asibiti, na san halinki. Zafin bana ne, kowa idonsa na yaji. In ruwa ya sauka zan sake komawa in duba ta da sanyin safiya.

Allah ya bar mu tare.

Mahaifinki,
Yakuba


Damagaram, 24 ga Yuni

'Yata Zahra'u,

Barka da Sallah, da fatan kun yi layya lafiya. Mun ga saƙonku, Allah ya saka da alheri. Ruwa ya sauka, mutanen ƙauye sun yi shuka.

Kwana uku ina juya yadda zan rubuta miki wannan. Na yi abin kunyar da ban taɓa yi ba tun da na fara riƙe kamara.

Ran Alhamis wani dattijo ya shigo shago, Ɗanƙarami, ƙanen marigayi Gambo na Hamdara. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da zafi da kasuwa, sannan ya kwance tsumma ya ajiye hoton nan da na wanke wa Delu. Cikin ladabi, kansa a ƙasa, ya ce wannan ba yayansa ba ne. Wani mutumin Gaffati ne, kuma yana nan da ransa, ranar Lahadin da ta wuce ma an gan shi a kasuwa yana sayar da akuya.

Na tambaye shi me ya hana Delu faɗa tun a ranar. Amsar da ya ba ni ita ta hana ni cin abinci. Ya ce tun a shagon ta ga ba shi ba ne. Amma ta ga ni mutumin birni ne mai furfura, ga na'ura a gabana, na'ura kuwa ba ta kuskure, sai ta ɗauka ita ce ta fara manta kamannin mijinta. Ta je ta rataye hoton a ɗakinta. Mako shida tana dubansa safe da yamma tana ƙoƙarin ta tuna shi a haka, tana kuka, ba ta gaya wa kowa ba don kunya. Sai da Ɗanƙarami ya shiga gaishe ta da Sallah ya gani.

Shekara talatin da ɗaya suka yi tare, Zahra'u. Ni na sa matar nan ta zargi kanta.

Na buɗe hotunan Lahadin da na ɗauki Gambo gaba ɗaya, na ce Ɗanƙarami ya matso ya duba. Bai yi minti ɗaya ba ya ɗora yatsa. Gambo na nan kusa da wancan, lamba ɗaya ce tsakaninsu, dukansu da farar hula. Ya ce gilashin nan ai tas yake, har zanen fuskar yayansa yana gani.

Jiya na shiga motar Mirriya, daga can na hau babur zuwa Hamdara na kai mata da hannuna. Ta karɓa, ta zauna a ƙasa, ta rungume shi. Ni na je neman gafara, sai ga shi ita ke ba ni haƙuri wai ta wahalar da ni. Har gyaɗa ta ƙulla mini. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Gobe zan je wurin lokotoron ido, wato likita. Innarki za ta raka ni, na gaya mata komai. Ashe ta daɗe da sani, tun watan azumi take kawar mini da kujeru daga hanya ba ta ce uffan ba.

Ki sa ni a addu'a.

Mahaifinki,
Yakuba


Damagaram, 15 ga Yuli

Uwata Zahra'u,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Rashid da Aliya. Na gode da kiran da kike ta yi. Ki yafe mini da ban ɗauka ba, ban so ki ji muryata a yadda take.

Na ga lokotoro sau biyu. Na so a ce yanar ido ce, a kankare a huta. Ba ita ba ce. Ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, ta daɗe da farawa, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Na hagu saura kaɗan. Na dama ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce zai rage saurin abin amma ba zai tsayar da shi ba. Na tambaye shi wata nawa ya rage mini, ya ce wannan sai Allah. Na yi kuka a gabansa, ni da ban yi kuka a gaban mutane ba ko ranar da aka binne kakarki.

To ga amsar maganarki. Kada ki sayi sabuwar ordinatar. Tsohuwar lafiyarta ƙalau, na yi wata uku ina zaginta a banza. Ɗaukar hoto kuma na bari, ba zan sake ba wata mata mijin da ba nata ba.

Abin da ke damuna shi ne mutanen da ke cikinta. Sun haura dubu tara, sunayensu kuma babu su ko'ina sai a kaina. Ranar da idon nan ya rufe, duk wanda ya zo neman uwarsa ko mijinta zai tarar da lambobi kawai. Da yawa sai shekaru sun wuce suke zuwa, wasu jikoki ne da ba su taɓa ganin mamacin ba, balle su nuna shi da yatsa.

Don haka abin da nake roƙo ya fi na'ura tsada. Ki nemi hutu a biro ki zo. Ki zauna a kujerata, ki riƙa faɗaɗa kowace fuska har ta cika gilashin, ni in faɗi suna da gari da gidan da mutum ya fito, ke ki buga. Hannunki ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba.

Mun fara da innarki, tana rubutawa da ajami a littafi, amma a yini ba mu wuce arba'in. Cikin arba'in na jiya, goma sha ɗaya ban gane su ba. Na san na san su, na tuna har inuwar da na tsayar da su a ciki. Bara war haka da na faɗa miki sunan kowanensu da na ubansa.

Ki zo da wuri, uwata. Kada ki jira ƙarshen damina.

Innarki na gaishe ku. Allah ya kawo ki lafiya, ya yi muku albarka.

Ni ne mahaifinki,
Yakuba