Katin Da Ba Zai Shiga Jaka Ba

Anti, don Allah ki taimake ni kafin in koma shagon kayan kwamfuta. Ki yi haƙuri da rubutuna, da furfura a kaina na shiga ajin manya.

'Ya'yana maza biyu ne, mace ɗaya. Babban ya tafi aiki nesa, kuma saboda shi na koyi rubutu. Sai in ɓata rabin yini ina haɗa masa layi biyar, shi kuma ya aiko mini da hoton babban yatsa. Amsar ke nan. Yanzu Auta ma ya samu aiki a wani gari, wata mai zuwa zai fara.

Auta ɗan wasan kwamfuta ne. Tun da ya gama karatu yana ɗaki, kunne a toshe, yana ihu da abokan da ban taɓa gani ba. Babansa yana lissafa shi cikin kujerun gidan. Ni kuwa ihun nan ne kwanciyar hankalina, don na san inda yake.

Na yi masa alkawarin katin girafik, wato abin da ke sa hoton wasa ya tafi sumul ba ya sarƙewa. Biyu muka gani. Ɗaya gajere, fanka biyu, ƙwaƙwalwarsa giga takwas, yana shiga ƙaramin akwatin kwamfutarsa da yake sawa a jakar goyo. Shi yake so. Ɗayan dogo kamar damtsena, fanka uku, giga goma sha shida. Mai gyaran kwamfuta ya auna ya ce ba zai shiga akwatin Auta ba, sai an sayi ƙaton akwati mai gilashi da sabuwar na'urar wuta, kuma abin zai yi nauyin da ba a jigilarsa a motar haya. Shi aibi yake faɗa mini. Ni kuwa zuciyata ta yi fari.

Na ga yadda Auta ya saki baki da aka kunna masa babban. Na san ɗana. In na girke masa shi a ɗaki, zai ce bari ya ƙara mako, daga mako sai wata, aikin ya bi ruwa. Na ma fara karya masa gwiwa. A gaban abokinsa na ce wanda bai iya dafa ruwa ba, mai asma da ke mance abin shaƙarsa, wata ɗaya za a koro shi. Har shekarun da ya kai yana fitsarin kwance na tuna masa. Tun daga ranar ya daina cin abinci tare da ni. 'Yata ta ce gara in karya masa ƙafa, ya fi arha. Na ce in Allah ya ba ta haihuwar da take ta nema, sai ta zo mu yi magana. Ita ma ta ɗauke ƙafa.

Gaskiya, gara in ga ƙeyarsa a kujerar nan har ya tsufa da in ga bayansa a bakin ƙofa. Wanne zan saya? In na sayi babban, zai gane?

Uwar Auta

Mama, zai gane. Wanda ya san faɗin akwatinsa ciki da waje ya san dalilin kawo masa abin da ba zai shiga ba.

Babban katin ya fi ƙarfi, kuma zai fi daɗewa bai tsufa ba, wannan babu musu. Amma ba a ganin ƙarfin sosai sai a allon kwamfuta mai kaifin hoto. Kati sai ya shiga akwatin da ake da shi, wutar ta ɗauke shi, ya kuma ja wasannin mai shi. Auta ya duba duk wannan kafin ya zaɓi ƙaramin. Ki tabbatar sabo ne da garanti, ki saya.

Tsoronki ba na banza ba ne. Babban ɗanki bai kyauta ba, ki kira shi da murya ki gaya masa. Amma Auta bai ci zomon ba, kada ki rataya masa buzu. In dabararki ta ci tura, zai tafi ya bar miki akwatin gilashi kina sharar ƙura. In ta yi nasara, abin ya fi muni: za ki wayi gari da magidanci mai shekara arba'in a ɗaki, wanda ya san sarai wa ya zaunar da shi.

Kafin shago, ki fara da gidan 'yarki, don maganar da kika yaɓa mata ta fi duka zafi. Auta kuma, a gaban abokin nan da ya ga tozarcin za ki ba shi haƙuri. Sannan ki shiga kicin da shi kullum har ranar tafiya, ki sa masa abin shaƙa biyu a jaka, ki raka shi tasha da kanki. Ki yi kukanki a can, babu wanda zai ga laifinki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa Auta ya fita da albarkarki, ba da sanɗa ba.