Shinkafar Mahaifin Mista Wong

Funtua, daren Lahadi, 9 ga Fabrairu, 1986

Yau sabuwar shekarar mutanen Sin. Maigidana Mista Wong, injiniyan masaƙa da nake wa aikin kuku, ya sa na dafa kifi, ya ajiye shinkafa gaban hoton marigayi mahaifinsa. Ɗansa da ya zo daga Ingila ya ƙi rusuna wa hoton. Ya ture tsinkayen cin abinci, wai in kawo cokali mai yatsu. Uban na yarensu, shi yana amsawa da Turanci. Kamar in kwaɗa masa mari!

Ina kwashe kwanuka tsohon ya ce, "Malam Bitrus, in na mutu, wa zai ajiye mini shinkafa?"

Nawa ɗan ma, tun da Legas ta haɗiye shi, bai taka garinmu Ƙarfi ya ga kabarin uwarsa ba.