Shekara ashirin ina cin tsarabar wasu

Malama Tokiko,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Shekarata ashirin cif a wani kamfanin kayan gwangwani a nan Yamagata. Dokar kamfaninmu ita ce duk wanda ya cika ashirin a ba shi hutun kwana biyar na musamman, da ɗaki a gidan baƙin kamfani da ke kan dutse, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa. In watan Maris ya ƙare ba ka karɓa ba, shi ke nan ya bi ruwa.

Mahaifiyata za ta cika tamanin da takwas ran goma sha biyu ga Maris. Na yi mata alkawarin can za mu yi bikin, ta sa rigarta ruwan ɗorawa ta jiƙa gwiwoyinta a ruwan zafin. Tun watan Janairu ta haɗa jakarta ta ajiye a bakin ƙofa. Likita kuwa ya ce min a keɓe kada in jira baɗi.

Sau uku ina kai wa shugaban sashenmu, Kuramochi, takardar neman hutu. Kullum abu ɗaya ne. Zai karanta, ya karkata kai, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya ce watan Maris akwai ɗan wuya. Ni kuma sai in ji kunya ta rufe ni, in rusuna, in ce ya yi haƙuri na dame shi, in ɗauke takardata. Na ukun ma a banɗaki na yayyaga ta ina kuka.

Abin da ya fi ci min rai, akwai wata Shiori a gefena, shekararta huɗu kacal da fara aiki, ba ta taɓa barin kwana ɗaya na hutunta ya lalace ba. Duk sanda ta je hutu sai ta dawo da kwalin alewa ta ajiye a teburin tsaraba na ofis, kowa ya ɗauka yana godiya. Ni ma in ɗauka. Rannan har take tsokanata wai ita ba ta san ɗanɗanon tsarabata ba. Na yi dariya, amma a zuci kamar in shaƙe ta. Gaskiya ta faɗa, shekara ashirin ina cin na mutane ban taɓa ajiye kwali ba, don ba na son a ce na ɗora wa wani nauyin aikina. Yanzu haushin kowa nake ji, har da Mama da jakarta. Ya zan yi da mutumin da ya hana ni hakkina?

Mai cin tsarabar wasu, Yamagata

*

'Yar'uwa,

Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda Kuramochi ya ce a'a, ban gani ba. Ya ja iska, ke kuma kin ɗauke takarda. Sau uku ke kika hana kanki hutu, shi ko hatiminsa bai taɓa ba.

Ban ce ba shi da laifi ba. Ya san sarai abin da jan iskar nan ke yi wa mutum irinki, kuma yana jin daɗin hakan. Amma ki duba nasa ɓangaren. Maris ne ƙarshen shekarar aiki, kowa wuta-wuta yake yi, kuma ina kyautata zaton shi ma nasa kwana biyar ɗin haka suka wuce shi. Tsoronsa ɗaya ne, wa zai riƙe teburinki. To, ki cire masa wannan tsoron.

Gobe da safe ki buga wa gidan baƙin waya ki kama ɗaki, kafin wani ya riga ki. Sannan ki rubuta ayyukan kwana biyar ɗin a shafi guda, ki zauna da Shiori ki roƙe ta ta riƙe miki. Ki daina jin haushinta. Yarinyar nan ba ta saci komai ba, abin da aka ba ta ta karɓa, kuma tsokanar da ta yi miki ina ganin gayyata ce.

A sabuwar takardar kada ki sa “in zai yiwu”. Ki rubuta ranakun, ki haɗa da shafin ayyukan, ki kai kwafi ofishin kula da ma'aikata. Da kin miƙa masa, ki mai da hannuwanki baya ki riƙe su gam. Zai ja iska. Ki bar shi ya ja har ya gaji, ki rusuna, ki yi godiya, ki koma wurinki. In ranakun ba su yi masa ba, dole ya buɗe baki ya kawo wasu kafin wata ya ƙare, kuma da wuya ya iya faɗin haka a kan bikin tsohuwa mai tamanin da takwas.

Kamfanin zai kwana biyar ba ke, ba abin da zai same shi. Mama ce ba ta da wani Maris ɗin da za ta ba ki aro.

Ki gaishe min da ita, Allah ya kai ku lafiya. In za ku dawo, ki sayi babban kwali, ki fara miƙa wa Kuramochi.

Tokiko