Sai Haƙuri, In Ji Baffa

Litinin, 18 ga Satumba, 2017

Ka gafarce ni, ya littafi, da na yi karambanin ɓata maka shafi. Ni ba kowa ba ce, Azumi ce kawai, wadda Kimistiri ya kayar. Amma ba ni da wanda zan gaya wa.

Yau na koma aji shida, maimaici. Ina son in karanta harhaɗa magunguna, kuma babu hanya sai da Kimistiri. Duk 'yan ajinmu sun wuce. Waɗanda nake zaune da su yanzu, bara ni nake sa su shara.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Sun raɗa mini suna Kakar Aji. Wata Habibatu, mai bakin tsiya, ta ce, "Kaka, ba mu labarin jarrabawar zamaninku mana." Aka kwashe da dariya. Na yi murmushi don kada a ga idona.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Cecilia, aminiyata, ta kira daga jami'a. Sai labarin hostal da sababbin ƙawaye. Ta ce, "Ke fa?" Na ce lafiya lau. Daga nan muka yi sallama, mu da ake raba mu da bulala saboda surutu.

Laraba, 1 ga Nuwamba

A ɗakin gwaji, ruwan kowa ya sauya launi daidai, nawa ya zarce. Malama Paulina, mai koyar da mu Kimistiri, ta ce, "Azumi, hannunki yana sauri kamar ana bin ki. Ɗigo-ɗigo ake yi." Ai kuwa ana bi na, Malama. Shekara guda ce take bi na.

Talata, 7 ga Nuwamba

An raba sakamakon gwaji. Na sake faɗuwa.

Na kai wa Baffa, mahaifina, bayan ya dawo daga rumfarsa ta hatsi a kasuwar Muda Lawal. Ya daɗe yana kallon takardar, ya miƙo mini, ya ce, "Sai haƙuri, Azumi." Ya ɗauki buta.

Shi ke nan. Ya ce in haƙura. Abin da ya ba ni tsoro shi ne sanyin da na ji a ƙirjina, kamar an sauke mini tulu.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Ban je makaranta ba. Na ce wa Inna an ba mu hutu.

Talata, 14 ga Nuwamba

Na ninke yunifom na sa a ƙasan akwati. Da safe ina jin keke-napep na kwasar yaran unguwarmu ta Ɗan Iya, sai unguwa ta yi tsit, daga ni sai kajin Inna. Babu wanda ya zo nema na daga makaranta.

Ina jiƙa zoɓo na kama kaina ina matsa lemun tsami a hankali, ina kallon yadda jan yake washewa. Na ji haushin kaina. Me ya rage mini da wannan?

Asabar, 18 ga Nuwamba

Baffa ya ji daga bakin maƙwabta cewa babu wani hutu. Ya kira ni zaure.

"Me ya zaunar da ke?"

Kaina a ƙasa na ce, "Baffa, ai kun ce in haƙura."

"Ni? Yaushe?" Da na tuna masa, sai ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Duk bokon nan ba a koya muku Hausa ba? Cewa na yi sai haƙuri. Mai haƙuri yana nan a kan abinsa, wanda ya haƙura kuwa ya tashi ya kaɗe riga."

Na zaci zai ce gobe in shirya. Da ya faɗa da na huta. Amma sai ya ce, "Ba zan tura ki ba. In kin haƙura, ke kika haƙura. Kada dai ki jingina mini."

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Anya ban ji shi daidai ba tun ran nan?

Litinin, 20 ga Nuwamba

Na je makaranta, amma don in ɗauko kalkuletata da na bari a lokar teburina ne kawai. Yunifom kuwa dole ce ta sa, maigadi ba ya barin mutum da kayan gida.

Ina shiga Habibatu ta ce, "Laa, Kaka ta farfaɗo!" Sai ta matsa mini a benci, ta yi ƙasa da murya: "Don Allah nuna mini lissafin nan, kaina ya kulle." Na nuna mata. Ashe na iya. Kafin mu gama an kaɗa ƙararrawa, fita kuma a gaban Malama rashin kunya ne, shi ya sa na zauna har aka tashi.

Ban yanke komai ba tukuna. Ƙila ma in sake faɗuwa. Na dai wanke safata na shanya.

In ba ka gaji da ni ba, ya littafi, ka yarje mini in sake zuwa gobe. Sai dai bayan la'asar, don an ba mu aikin gida.