Akwatin da Ke Bangon Turaka

Hunkuyi, farkon bazara

Zuwa ga ɗana Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da aikin ofis. Mu nan sai godiya. Uwarka tana nan yadda ka bar ta, ɓarin dama a shanye, baki a karkace, ƙanwarka Badi'a ke juya ta. Ba ka tambayi gwiwata ba, amma tana nan tana ciwo.

Mai haɗa wutar da ka turo, Simeon, ya kafa sola a kan kwano, ya rataya fanka da ƙwan fitila a ɗakin uwarka. Ina jira a shigo nawa ɗakin, sai na ga yana naɗe waya. Ashe a gidan Ashafa mace ake fara yi wa iska. Ban yi mamaki ba. Ita ta sayar da awakinta ta tura ka boko lokacin da nake neman hannu a gonar rake, ga shi ka saka mata.

Ya fito da wani ɗan akwati mai abin murɗawa biyu, ɗaya na rage hasken fitila, ɗaya na gudun fanka. Wai kai ka ce a haɗa su wuri guda a bakin gadonta ta hagu, don hannun da ya rage mata ya kai. Na ce a huda bangon da ke tsakaninmu, a kafa shi a turakata. Ya yi ta magiya, wai marar lafiya ita ta san zafin jikinta. Na ce ko turaka, ko ya kwashe tarkacensa. Ya huda. Da zai tafi ya liƙa jan salatif a kan na fanka, wai kamarsu ɗaya, kada in rikice. Yana fita na ɓanɓare. Ni da ke rarrabe irin rake da ido tun ubansa na rarrafe.

Yanzu in tana son iska, sai Badi'a ta durƙusa a ƙofata ta roƙa. Uwar taka ta koyi buga bango da kofi. In ta buga sai in ƙara ragewa, ni ba baranta ba ne.

Ka gai da yara.

Mahaifinka,
Ashafa

Hunkuyi, tsakiyar bazara

Zakiyyu,

Sallama da fatan alheri. Ina fata ka sauka lafiya, ko da yake ba ka yi mini sallama ba. Ka zo da mota, ka ɗauke matata daga gidana, ka wuce ni a zaure kamar turmi. To ga abin da ya faru, tunda ba ka tsaya ka ji ba.

Aminina ya rasu a Dandamisa. Da zan tafi na hango fitilar uwarka tana ci da rana tsaka, ana ɓarnar batir. Na murɗa don in kashe ta, na kulle turaka, na jefa makulli a aljihu. Ashe na fanka na kama. Wannan laifin Simeon ne da ya sayo abu biyu masu kama ɗaya.

Ana cewa na daɗe. Mutumin da muka yi kaciya tare, in yi masa gaisuwa a tsaye in juyo? Sai da aka tashi makoki na dawo. Badi'a ta ce fanka ta tsaya cak, fitila kuwa tana kan idon uwarka ba ta mutu ba, kwano ya yi zafi, ta yi ta fifita da faifai har hannunta ya sage. Maƙwabciyarmu Matta, mai aikin asibiti, ta ce a fasa kwaɗona. Badi'a ta ƙi, don na sha gaya mata duk wanda ya taɓa ƙofar turakata ba da izini ba, ban yafe masa ba duniya da lahira. Nan ta yi daidai, kada ka zage ta. Ita kaɗai ce a cikinku ta san uba.

Da na shiga na tarar da uwarka leɓe a bushe, gefenta ya yi gyambo. Ta dube ni, ta juya fuska bango. Ko sannu da zuwa. Mu kakanninmu da wace fanka suka yi jinya?

In likitocin Zariya sun gama da ita, ka dawo mini da ita. Igiyar aurena na kanta.

Mahaifinka,
Ashafa

Hunkuyi, farkon damina

Zakiyyu,

Bayan gaisuwa, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan uwarka Ummulhairi, ya yafe mata abin da ta yi mini. Kun binne ta a Zariya ba da shawarata ba, na bar ku da Allah. Badi'a ta ce ba za ta dawo ba, wai ba ta iya kallon ɗakin. Ka gaya mata tuwona ba ya tuƙa kansa.

An yi yayyafi amma zafi bai sauka ba. In na murɗa, ina jin fankar ta bango tana yi wa gado iska, ni ina nan ina zufa. Ba zan koma kwana ɗakin mace ba.

Ka turo Simeon ya cire fankar da ƙwan ya dawo da su turaka. Akwatin ba sai an taɓa shi ba, yana inda na ce a sa shi. Ka ga da na bi ta taku, da yanzu sai an fasa mini bango.

Ka huta lafiya.

Mahaifinka,
Ashafa